Kurakuran da ake yi wajen sa wa a-kori-kura jakar iska don jan tirela

Duk wanda ya taɓa ɗaura tirela mai nauyi a bayan a-kori-kura ya san yadda take yi, baya ya zauna, gaba ya ɗaga, fitila tana haska sama, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu. Shi ne sai a ce maka je ka sa jakar iska, wato roban nan masu kama da balan-balan da ake ɗaurawa tsakanin aksil da ƙarfen jikin mota. Suna aiki kam, amma wallahi yawanci tun daga tunani ake fara kuskure.

Babban dai shi ne mutum ya ɗauka jakar ta ƙara wa motarsa ƙarfin lodi. Ba ta ƙara ko kilo ɗaya ba. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da aka manna a jikin ginshiƙin, nauyin da kamfani ya rubuta shi ne iyakarka har gobe, don birkinka shi ne dai na jiya, taya da aksil ma haka. Jaka miƙar da motar kawai take yi, sai ka ganta tsaye cas ka ce ai lafiya lau ka ƙara lodi, ranar da ka zo gangara ka taka birki za ka gane kurenka. Haka kuma ba ta mayar da nauyi kan tayoyin gaba, in gaba ya yi sakayau sosai maɗaurin tirela mai rarraba nauyi kake buƙata, kuma nauyin da ke danne maɗaurin ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar, in ya gaza haka sai ta riƙa kaɗa wutsiya.

Sai maganar iska. Wasu in sun sauke lodi sai su sace ta gaba ɗaya, robar ta lanƙwashe tana gugar kanta har ta huje. Jakunkunan kamfanoni irin su Air Lift da Firestone yawanci 5 psi (ma'aunin ƙarfin iska a geji) ne mafi ƙaranci, 100 psi iyaka, amma duba littafin taka. Wasu kuma su dinga bugawa har baya ya fi gaba tsawo, motar tana tsalle a kan ɗan gargada kaɗan. Gyaran ba wuya: kafin ka ɗaura komai auna daga ƙasa zuwa bakin ramin tayar baya, rubuta, ɗaura tirela, sannan ka ƙara iska kaɗan-kaɗan har ka kusa komawa awon farko. Nan za ka tsaya.

Haɗa jaka biyu a tiyo ɗaya ma ni ban so, duk da ya fi sauƙin bugawa, don in ka sha kwana iskar gefen da aka danne sai ta gudu ɗaya gefen, motar ta ƙara kwantawa. Kowace da bawul ɗinta, musamman in lodinka ya fi nauyi a ɓangare guda.

Wajen ɗaurawa kuma ƙananan abubuwa ne ke ɓata aiki. An yanka tiyo da almakashi ko filaya bakin ya matse, washegari ka tashi gefe ɗaya ya zauna. Reza mai kaifi za ka sa ka yanke shi miƙe. A nisanta tiyon da salansa, wato bututun hayaƙi, in kuma jakar ta zo kusa da ita a sa mata farantin kare zafin da ke cikin kwali, kar a jefar. In an gama a fesa ruwan sabulu a duk mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne yake yoyo, sai a bar ta ta kwana a sake sa geji da safe.