Ƙaramar jakar lilin ta dizaina: yadda za ki zaɓa, ki gane ta bogi, ki kuma riƙe ta

Jakar nan ta yadi mai buɗaɗɗen baki da hannu biyu, wadda ake ce wa tot, ƙaramarta ce yanzu ta fi tashe a hannun mata, kuma ba abin mamaki ba ne don ba ta da nauyi ko kaɗan, ba ta ɗaukar zafi ta manne miki a hammata kamar ta fata ko ta roba, sannan kalarta ta asali ruwan madara ce ko ƙasa-ƙasa, to ki ɗora ta kan baƙar abaya ta hau, kan atamfa mai hayaniya ta hau, leshi ne kawai ni a ganina ba sa shiri. Tana cin waya da fawa bank da makulli da ɗan turare da carbi, har siririn hijabin salla in kin ninke shi da kyau, shi ke nan ta cika, kuma wannan ƙanƙantar ita ce rabin kyanta, don ba ta barin ki tara tarkace.

Abu na farko da za ki sani kafin ki fidda ko sisi shi ne yadin. Lilin ba auduga ba ne. Daga karan wata shuka ake samunsa mai suna filaks, mai shuɗin fure, kusan kwana 100 take yi a gona, kuma ba yankanta ake ba, tuge ta ake yi da saiwa a shimfiɗa a gonar raɓa da ruwan sama su ruɓar da ɓawon sannan a fidda zaren. Faransa ce kan gaba a noman ta, musamman yankin Normandi, sai Beljiyam da Holand a gefenta. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna da shi suke naɗe gawarwakinsu, har yau ana ganin yadin a gidajen tarihi, to kin ga batun ƙarko ba a magana. Wahalar aikinsa ce ta sa ya fi auduga tsada. In kin ga tambarin European Flax ko Masters of Linen a jikin kaya, na farkon yana nufin a Turai aka noma filaks ɗin, na biyun kuma har kaɗi da saƙa a can aka yi.

Cikin na manyan kamfanoni wadda ta fi suna ita ce Woody ta gidan Chloé, gidan da Gaby Aghion, haifaffiyar Iskandariyya, ta kafa a Paris a 1952. Jikinta lilin ne, da siraran fata, da faffaɗan kirtani mai ɗauke da sunan gidan wanda shi ne ya zagayo ya zama hannun, akwai 'yar mitsitsiya, ƙarama, matsakaiciya da babba. Saint Laurent ma suna da tasu mai rubutun Rive Gauche ɓaro-ɓaro a gaba. Amma waccan ta Marc Jacobs da ta cika gari, mai rubutun The Tote Bag, ta yadin kambas ɗin auduga ne, in wata ta ce miki lilin ce don ta ƙara kuɗi to ba ta san kayanta ba ko kuma ta san abin da take yi.

Yanzu yadda za ki gane lilin da hannunki. Ki kama gefen jakar ki matse a tafin hannu ki saki, lilin na gaske zai yamutse ya bar layi-layi masu kaifi, ba ya komawa nan take, wannan yamutsewar ba aibu ba ce, halinsa ne, wadda ba za ta iya jure ganin jaka ta ɗan cukurkuɗe ba gara ta haƙura tun yanzu ta nemi ta fata. Ki ɗaga shi wajen haske, za ki ga zaren ba ɗaya ba ne, wani wuri siriri wani wuri da ɗan ƙulli-ƙulli. Ki taɓa shi da bayan hannu, da ɗan sanyi-sanyi. In mai kaya ta yarda ki ɗiga ruwa ɗigo ɗaya ta ciki inda ba a gani, lilin yana shanyewa da wuri, na roba kuwa sai ɗigon ya zauna yana kallonki, sai dai in an shafa wa yadin maganin hana jiƙa, to wannan gwajin ba ya aiki a nan. Gwajin da ya fi tona asirin na roba shi ne na wuta, amma fa a yadi ake yinsa ba a jakar mutane ba, ki zaro zare ɗaya ki kusantar da ashana, lilin da auduga suna ci da warin ƙonanniyar takarda su bar toka mai laushi, foliyesta kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi baƙin ƙwallo mai tauri. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan lilin gauraye ne, da auduga ko biskos, wani zaren masana'anta mai santsi, ko foliyesta, gaurayen auduga ba laifi don yana rage yamutsewa, kawai dai kar ki biya kuɗin zalla.

Daga yadi sai ɗinki, kuma nan ne ake cutar mutane don ido yana kan sunan da ke gaba. Juya jakar ki duba inda hannu ya haɗu da jiki, nan duk nauyi yake sauka, ɗinkin wajen ya zama an maimaita shi ko an yi shi murabba'i da gicciye a ciki, ki ɗan ja da ƙarfi ki ga ko yadin yana buɗewa. Ki ajiye ta a tebur ba komai ciki, in ta tsaya da kanta to yadin mai kauri ne ko an sa mata abin ƙarfafawa a gindi, in ta zube to da kin sa fawa bank gindin zai zazzago. Ki leƙa ciki, akwai shafi ko babu, akwai aljihu ko babu. Yawancin jakunkunan nan ba su da zif, wasu ko maɓalli babu, baki a sake, wannan a ofis ko gidan biki ba damuwa amma a cunkoson kasuwa ko cikin adaidaita sahu wata magana ce daban, don haka ki tanadi 'yar fos mai zif ki zuba kuɗi da katin ATM a ciki, in jakar tana da zobe ta ciki ki maƙala ta. In ke mai goyo ce ko mai yawan riƙe-riƙe, nemi wadda take da doguwar igiyar ratayawa da ake cirewa, ƙaramar tot hannunta gajere ne ba ya hawa kafaɗa balle a kan mayafi.

Girma kuwa kar ki yarda da hoto, masu talla sun iya ɗaukar ƙaramar jaka ta fito kamar babba. Ki ce a turo miki awo da santimita, ƙarama yawanci faɗinta tsakanin 25 ne zuwa 30, ki ɗauko tef ɗin tela ki jera kayan da kike fita da su kullum a kan gado ki auna, minti biyu ne.

Sai batun orijinal da kofi. Sabuwar ƙaramar Woody a shagonsu kuɗinta yana wajen dala dubu ne ko sama, ki buga da canjin yau ki gani, to duk wadda ta ce miki ga orijinal a naira dubu arba'in wai an samo ta a rangwame a Dubai, kin riga kin san amsar. Ni ban ce kowa sai ta riƙe orijinal ba, abin da ba na so shi ne a sayar miki da kofi a kuɗin orijinal. Ki duba rubutun, Chloé akwai 'yar alama a saman harafin ƙarshe, haruffan su fito tsaf ba su yi kauri ko karkata ba, kuma kirtanin hagu da na dama su yi daidai da juna. Ki shinshina, kofi yawanci warin gam da roba take yi. Ki duba bakin fatar inda aka yanka, ta roba za ki ga kamar yadi a bayanta kuma fentin gefen yana ɓantarewa da farce. Kwali da jakar ajiya da 'yar takarda ba hujja ba ne, duk ana buga su. In ta hannu kike so, wato wadda aka ɗan riƙe, akwai shagunan intanet irin su Vestiaire Collective da The RealReal da suke tantancewa, kuɗin yana sauka sosai, sai dai ki lissafa da kuɗin kawowa, kuma ki ce a nuna miki kusurwoyin gindi da hannu da kyau don nan lilin yake fara yin baƙi ya kuma cinye.

To kin saya, saura riƙo, kuma wallahi nan ne aikin yake, don farin yadi ne a ƙasar ƙura. Lokacin hunturu kullum kin dawo ki juye kayan ciki ki kakkaɓe ta, ki bi ta da busasshen buroshi mai laushi, tsohon buroshin haƙori ma ya isa wajen lungunan ɗinki, kar ki sa jiƙaƙƙen tsumma a kan ƙura, jar ƙasar nan da ta ji ruwa ta zama laka ta shige cikin zare, fitar da ita sai an sha wuya. Babban abokin gabarta kuma turarenmu ne, humra da turaren mai, ɗigo ɗaya ya yi tabo, kwalbar ki sa ta a 'yar leda ko fos kafin ta shiga jaka, haka jan baki da biro. In mai ya riga ya zuba kar ki murza, ki danna tishu ya tsotse, ki barbaɗa hodar jarirai ko garin sitaci ki bar shi ya kwana, da safe ki kakkaɓe, in da saura ki maimaita. Sabon lalle ma ki bari ya gama kamawa ki wanke hannu kafin ki riƙe ta, kuma sabuwar shadda mai rini ko baƙin jins suna zubar da kala a gefen da yake gogar jiki, wannan tabon shi ne mafi taurin kai.

Ƙananan datti kuwa ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulu mai laushi, ki jiƙa farin tsumma ki matse sosai ki dinga dannawa daga gefen tabon zuwa tsakiya, sai ki bi da wani tsumman na ruwa zalla don kar sabulun ya bar zobe. Kar ki jefa ta injin wanki, kar ki jiƙa ta a bokiti in tana da fata, fatar za ta ƙandare kuma kalarta ta malalo kan yadin, bilic kuma ko kusa, yana cin zaren lilin ya mai da shi rawaya. Shanya a inuwa inda iska ke bi, da takarda cushe a ciki don ta riƙe siffarta, farar takarda fa ba jarida ba, tawada tana fita. Da damina kar ki kulle ta a leda ki jefa can ƙasan wadrob, lilin yana jan danshi sai fumfuna ta feso mata ɗigo-ɗigo baƙi, ki sa ta a jakar yadi ko tsohuwar rigar filo, da 'yan ƙullin nan na silika da ake samu a kwalin takalmi, kuma a tsaye za ki ajiye ta ba a rataye a ƙusa ba don hannun yana miƙewa.

In kuma sunan bai dame ki ba, fasalin kike so, to ki sa a ɗinka miki, ni wannan na fi ba mutane shawara. Ki shiga Kantin Kwari ko duk inda ake sai da yadi a garinku ki nemi lilin mai kauri, ba irin na kaftani mai shara-shara ba, irin na labule ko rigar kujera ya fi, yadi ɗaya ya isa ƙaramar jaka har da saura, ki roƙi ɗan ƙyalle ki yi gwajin ashanar nan. Kafin ya je wajen tela ki wanke shi ki goge da ɗan danshinsa, don lilin yana tsukewa a wankin farko, in aka ɗinka ba a wanke ba daga baya jakar za ta karkace. Ki ce wa telan ya manna gam mai kauri irin na wuyan kaftani a jiki da gindi, ya sa shafi, ya yi aljihu ɗaya mai zif a ciki, kin ga kin samu abin da ta dala dubun ma ba ta da shi. Hannun kuma ki kai wa dukawa, a Kano akwai su a Kasuwar Kurmi, su yanka miki na jar fatar akuya su ɗinke, amma ki fara goga farin tsumma mai danshi a fatar ki ga ko tana zuba, in tana zuba ki ce a canza ko ki koma hannun kirtani. Sunan kamfani kam kar ki sa a buga, in kina son rubutu mai aikin monogiram zai zana miki harafin sunanki a gaba da zare mai kalar fatar, kuma ki tuna masa ya yi aikin tun yadin yana shimfiɗe kafin tela ya haɗa jakar.