Yadda ake haɗa ɗan gajeren dandamalin katako a gida

Dandamalin da bai wuce taku ɗaya daga ƙasa ba yana da sauƙin yi, ba ruwanka da dogayen ginshiƙai ko matattakala, amma fa shi ya fi saurin ruɓewa saboda iska ba ta shiga ƙarƙashinsa sosai, danshi sai ya yi zamansa. To rabin aikin a ƙasa yake tun kafin ka taɓa zarto.

Da farko ka auna wajen, ka kafa turaku a kwana huɗu ka ɗaura igiya. Don kwanar ta zauna daidai, daga turken kwanar auna santimita 90 a igiya ɗaya, 120 a ɗayar, ka sa alama, tsakanin alamun biyu ya ba ka 150 cif. In bai ba ka ba, matsar da turke. Ka kuma tabbata ba bututun ruwa ko wayar wuta a binne a wajen.

Sai ka kankare ciyawa da ƙasar sama kamar santimita 10, ka ba wajen ɗan gangare yadda ruwa zai riƙa gudu nesa da bangon gida, ka daddaɓe. Shimfiɗa yadin nan mai hana ciyawa fitowa wanda ruwa ke ratsawa, ka zuba tsakuwa a kai. Don Allah kar ka sa leda, ruwa take tarawa, shi ne ma abin da muke gudu.

Yanzu bulo. Jera bulon kankare a kan tsakuwar, tazarar kamar mita ɗaya, su ne za su ɗauki firam ɗin, wato ƙwarangwal ɗin katakon da allunan sama za su hau, don kar katako ya taɓa ƙasa. Nan ne wajen haƙuri gaskiya, ka ɗora dogon katako miƙaƙƙe a kan bulo biyu da ma'aunin lebur a bisansa, ka ƙara tsakuwa nan ka rage can, ka sake dubawa, har sai duk sun zo daidai, domin bulo ɗaya in ya yi ƙasa to duk wanda ya taka wajen sai ya ji dandamalin ya lotsa. Ka lissafa tsayin ma: bulo da firam da allon sama kada su kai dokin ƙofa.

Katakon firam ya zama wanda aka dafa da magani, wanda aka ce yana jure zama kusa da ƙasa, saboda gara da ruɓa. Duk inda ka yanka da zarto ka shafa maganin a bakin, tunda ta nan ruwa yake shiga. Haɗa gefuna huɗu tukuna, auna daga kwana zuwa kwana a gicciye, in biyun sun zo ɗaya to ya zauna. Sannan jera katakan ciki kamar haƙarƙari, santimita 40 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, da gajerun guntaye a tsakaninsu don kar su murɗe.

Maganar sukuru, sayi wanda ba ya tsatsa. Maganin katakon yawanci akwai tagulla a ciki, yana cinye ƙarfen da ba a rufa ba. Ni dai ban ga amfanin ƙusa a nan ba, a hankali take ɗagowa ta kama ƙafar mutum.

Allunan sama kuwa gicciye suke hawa kan haƙarƙarin, sukuru biyu a kowace mahaɗa, kuma ka fara hudawa in kusa da baki ne don kar ya tsage. Bar tazarar milimita 5 zuwa 6 tsakaninsu, ɗan guntun abu mai wannan kaurin ya ishe ka awo, haka jikin bango ka bar kamar santimita ɗaya. Bar allunan su ɗan zarce gefen firam, in ka gama sai ka ja layi ka yanke gaba ɗaya.

Gefen kuma kar ka toshe shi ruf don kwalliya, bar wa iska hanya. In katakon ya bushe sai ka shafa masa mai na katakon waje, ka riƙa sabuntawa kamar duk shekara, kana kuma zaƙulo ganye da ƙasar da ke maƙalewa a tsakanin allunan.