Yadda ake gyara hanyoyin iska na kan inji da hannu

Ƙarfin inji ya dogara da yawan iskar da yake shaƙa da saurin fitar hayaƙinsa, kuma duka biyun ta ramukan da ke cikin kan inji suke bi, wato abin da makanikai ke kira top silinda. Da yake zubi ake yi wa wannan ƙarfe a masana'anta, cikin ramukan yakan fito da kaushi da tudu, musamman inda aka dasa mazaunin bawul, wato zoben da bawul mai buɗe ramin da rufe shi yake zama a kai. Su ne abin sharewa. Wanda ya dage sai ya faɗaɗa rami zai rage wa iska gudu, motar kuma ta yi nauyi wajen tashi.

A fara da kwance bawuloli, a jera su yadda kowanne zai koma raminsa, sannan a wanke kan injin da kananzir. Ana buƙatar ƙaramin injin gurza mai dogon baki, da haƙoran gurza na kabayid mai tauri fiye da ƙarfe, da naɗaɗɗiyar samfefa, da tabarau da takunkumi, domin ɓarɓashin ƙarfe yana shiga ido. Idan kan injin na alminiyam ne, a zaɓi haƙori mai manyan tsaga, a riƙa shafa masa mai don kada ya toshe. Ina ba sabon hannu shawarar ya fara koyo a kan mataccen kan inji.

Mafi yawan ribar aikin tana cikin ɗan kwarin da ke ƙarƙashin mazaunin bawul. Idan aka zura yatsa za a ji wata gaɓa mai kaifi inda zoben mazaunin ya haɗu da jikin ramin. Ita za a bi a hankali har yatsa ya wuce bai ji karo ba, ba tare da haƙori ya taɓa fuskar mazaunin ba. Faɗin maƙogwaron nan, wato wuyan ramin da ke daf da ƙasan mazaunin, kada ya zarce kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na faɗin kan bawul. Daga nan sai a duba gajeren ɓangaren kwanar, inda iska ke karyawa ta gangara wajen bawul: a mulmule shi kawai, kada a zaftare shi, domin idan kwanar ta yi kaifi iska takan rabu da bango ta hargitse. Tudun da ke riƙe da sandar bawul a sirance shi kaɗan. A tuna cewa ruwan lagireto yana zagayawa a bayan bangon, kuma hudawa ɗaya ta isa ta kashe kan injin.

A bakin ramin shigar iska, a ɗora gasket ɗinsa, wato faifan da ke toshe mahaɗar don kada iska ta zurare, a zana iyakarsa, a gurza zuwa zanen. A gama shi da samfefa mai lamba 60 ko 80, saboda ɗan kaushin yana hana fetur kwanciya a bango. Ramin hayaƙi kuwa a goge shi sumul don kada baƙin toka ya maƙale. Kowane rami a auna shi da na farkon irinsa, su zo daidai.

Bayan an gama, a kai a yanke mazaunan bawul a kusurwa uku, digiri 30 da 45 da 60, sannan a wanke da ruwan zafi da sabulu, a busa iska a kowace kafa kafin a ɗaura.