Darasi na Tara: Shaidar Zur a Gaban Kotu

Idan aka kira ka shaida, kafin ka buɗe baki ma'aikacin kotu zai rantsar da kai. Wani yakan rantse da littafin addininsa, wani kuma ya ɗaga hannu ya yi alkawarin faɗin gaskiya kawai. A wurin doka duk ɗaya ne. Daga wannan lokaci ana rubuta duk abin da ka faɗa, kuma zai zauna a fayil ko bayan shekaru.

Shaidar zur ita ce mutum ya faɗi abin da ya san ƙarya ne bayan ya rantse, a kan batun da zai iya sauya hukunci. Ka lura da kalmar "ya san". Wanda ya manta kwanan wata, ko ya ce mota baƙa ce alhali shuɗiya ce saboda dare ya yi, kuskure ya yi, ba a gurfanar da shi. Wanda ake nema shi ne mai ganganci.

Ga misali. Motoci biyu sun yi karo a bakin titi. Kana cikin gida ka ji ƙara, ka fito ka tarar da gilashi a warwatse. Direba ɗaya abokinka ne, ya ce, "Don Allah ɗan'uwa, ka ce a gabanka aka yi, wancan ne ya shigo hannuna." Ka tausaya masa, ka je ka faɗa. Sai lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe: "Malam, a ina kake tsaye? Wace fitila ce a kunne? Wa ya fara taka birki?" Tambaya uku, magana ta fara karo da juna. Nan ne ramin ƙarya yake nuna cewa ƙurarre ne. Da ka ce, "Ranka ya daɗe, ban ga karon ba, ƙara na ji na fito," da babu mai taɓa ka. "Ban sani ba" da "ban tuna ba" amsoshi ne da kotu take karɓa, muddin gaskiya ne.

Hukuncin ba wasa ba ne. A Amurka dokar tarayya ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 5. A Ingila dokar 1911 ta ce har shekara 7. A Najeriya yana kaiwa shekara 14. Wanda ya shirya ƙaryar ya koya wa shaida, ko ya biya shi, shi ma ba ya tsira. Kada kuma a ɗauka idan shari'a ta ƙare an wuce wurin. Jeffrey Archer, ɗan siyasar Ingila, ya ci shari'ar ɓata suna a 1987, aka biya shi fam 500,000. A 2001 aka tabbatar ya gina ta a kan ƙarya, aka ɗaure shi shekara 4.

Tuhumar takan zama sabuwar shari'a. Mai gabatar da ƙara zai kawo rubutaccen bayanin abin da ka faɗa, ya nuna ƙarya ne, ya nuna kuma ka san ƙarya ne. A ƙasashe da yawa bakin mutum ɗaya bai isa a ɗaure ka ba, sai da wata hujja da ta mara masa baya.

Abin da ya fi damuna a ajinmu shi ne takardar rantsuwa. Ita ma rantsuwa ce, daidai da ta baki. Mutane da yawa sukan dangwala yatsa a takardar da wani ya rubuta, ba su san abin da ke ciki ba, daga baya a ce maganarsu ce. Kada ka dangwala, kada ka sa hannu, sai an karanta maka ita layi bayan layi da harshen da kake ji. Idan ka ji abin da ba ka faɗa ba, ka ce a goge. A cikin kotu ma haƙƙinka ne ka nemi tafinta.

Aikin gida: rubuta jimla uku a kan wani abu da ya faru a gabanka wannan makon. Ja layi a ƙarƙashin abin da ka gani da idonka, ka zagaye abin da aka ba ka labari.