Idan sitiyari na rawa a kan gudu

An sha tambayata wannan, to ga yadda nake bi.

1. Lura da gudun da rawar ke farawa. In tsakanin kilomita 80 da 110 a awa ne, yawanci matsalar balansin taya ce, wato nauyin tayar bai daidaita a kewayenta ba.
2. Gwada iskar tayoyin da safe, kafin su yi zafi.
3. Shafa kowace taya ka nemi kumburi. In ka ji ƙullutu, kada ka hau babban titi da ita, canza ta.
4. Kankare busasshen taɓon da ya maƙale cikin rim.
5. Ɗaure notunan taya.
6. Kai a yi balansin. Hattara: wani zai ce maka a yi alaimen, wato saita tayoyi su miƙe daidai. Shi alaimen jan gefen da mota ke yi yake gyarawa, kuɗinka kawai za su tafi.
7. In sai ka taka birki sitiyarin ke rawa, bakanike ya duba faifan birki.