Kurakuran da ke sa hoto ya fito dishi-dishi a ɗakin wanki

Duk wanda ya taɓa wanke hoto da hannu ya san wannan takaicin. Ka ciro takarda daga ruwan magani, tsakiyar hoton ta fito tar, amma kusurwa ɗaya ta yi dishi-dishi kamar hazo ya sauka a kanta. Da yawa sai su ɗora wa lenzi laifi, su fara tara kuɗin sayen sabo. Galibi lenzin lafiyarsa ƙalau, injin faɗaɗa hoton ne, wato enlaja, ya karkace.

Abu uku ne dole su kwanta daidai da juna: mazaunin negetif (wankakken fim ɗin da ake haska hotonsa a kan takarda), farantin da aka ɗaure lenzi a jiki, da allon da ake shimfiɗa takarda. Babban kuskure shi ne mutum ya ɗora ma'aunin ruwa irin na magina a kan allo kaɗai, ya ga kumfa ta tsaya tsakiya, ya ce shi ke nan. Ai ba da ƙasa ake neman su daidaita ba, da junansu ne. Ko teburin ya ɗan jirkice, in duka ukun sun jirkice tare babu matsala. Kuma karkacewar da ta fi ɓarna tana sama, tsakanin negetif da lenzi, inda tazarar da ba ta wuce kaurin takarda ba za ta iya ɓata maka babban hoto.

Gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin ko sisi. Ka samu guntun fim da ya yi baƙi ƙirin, irin na farkon nadi, ka ja masa layi biyu da allura daga kusurwa zuwa kusurwa. Ka sa shi a mazauni, ka ɗaga kan injin zuwa tsayin da kake buga hoto mafi girma, ka buɗe lenzin gaba ɗaya, f/2.8 in na 50mm ne mai wannan buɗin (lambar f ma'aunin buɗin lenzi ce: ƙaramar lamba babbar kafa, babbar lamba ƙaramar kafa). Ka saita tsakiya har layin ya fito tar, sannan ka bi kusurwoyi huɗu da madubin duba ƙwayar fim. Inda layin ya yi kauri ya baje, nan cutar take. Wasu injunan suna da notinan gyara. Wanda ba shi da su, ɗan siririn yankin gwangwani a ƙarƙashin farantin lenzi ya wadatar. Akwai na'urar leza irin Versalab Parallel mai sauƙaƙa aikin, amma allura ma tana kai ka.

Wani kuskuren kuma da ke ba ni haushi: rufe lenzi zuwa f/16 don a ɓoye karkacewa. Kusurwoyin za su ɗan farfaɗo, gaskiya ne, sai dai hoton duka ya rasa kaifinsa, domin haske yana bazuwa in ya ratsa ƙaramar kafa. Lenzi irin EL-Nikkor ko Rodagon ya fi bayar da kyansa wajen f/5.6 zuwa f/8.

Sai maganar zafi. Na taɓa ɓata takarda kusan goma a dare ɗaya ina kwance noti ina ɗaurewa, ashe injin daidai yake. Zafin fitila ne ke sa negetif ya bankare bayan na gama saiti, tsakiyarsa ta ɗago. Maganinsa ka bar fitilar a kunne ya ɗumama kafin ka saita, ka kuma ɗumama shi haka kafin ka haska takarda, ko ka koma mazauni mai gilashi. Gilashin yana da nasa fitina: ƙura, da wasu zobba masu kama da bakan gizo da ake kira zobban Newton, shi ya sa ake sa gilashi na musamman a sama.

Girgiza ma tana yaudara. In ka taɓa kan injin, ka dakata 'yan daƙiƙoƙi ya natsu kafin ka danna agogon da ke kunna fitila, kuma dogon ginshiƙin injin a ɗaure shi da bango. In kuwa injin ya hau mota, ko an ja teburinsa zuwa wani lungu, ka ɗauko fim ɗin nan mai zanen allura ka sake gwaji kafin ka buɗe kwalin takarda.