Yadda za ka haɗa darasi guda daga farko har ƙarshe da manhajojin kyauta

'Yan uwa malamai, abin da na lura yana kashe mana gwiwa a harkar nan shi ne tara manhajoji. Wani ya ce maka wannan tana da kyau ka sauke, gobe wata ta ce ga wadda ta fi ta, kafin ka ankara waya ta cika maƙil amma ko ɗaya ba ka taɓa shiga aji da ita ba. Shi ya sa yau darasi ɗaya tak za mu ɗauka, yadda wutar lantarki ke zagayawa daga batir zuwa ƙwan fitila, mu gina shi tare. In ka gane tsarin sai ka ɗora naka darasin a kai, ko lissafi kake koyarwa ko harshe.

Mataki na farko, kafin ka taɓa waya ɗauki biro ka rubuta abu ɗaya da kake so yaro ya iya in an tashi. Ni a nan na rubuta: ya iya faɗin dalilin da ya sa ƙwai biyu da aka jera kan wayar lantarki ɗaya haskensu ke raguwa. Shikenan. Duk manhajar da ba ta kai ka ga wannan ba, ajiye ta.

Na biyu, buɗe Gmail in ba ka da shi, kuma na fi son ka ware na aiki daban da naka na gida. Da shi za ka shiga kusan duk sauran ba sai ka yi ta haddace lambobin sirri ba, ga kuma gurbin ajiya 15GB da Google ke ba kowa.

Na uku shi ne zuciyar darasin, a nan zan ɗan daɗe. Shiga shafin PhET, na Jami'ar Colorado ne da ke Boulder a Amurka, Carl Wieman ya kafa shi a 2002, shekara ɗaya bayan ya karɓi kyautar Nobel a fannin fiziks, kuma gwaje-gwajen kimiyya da lissafi ne ake yi a kan sikirin kamar kana cikin ɗakin gwaji. Nemo wanda aka rubuta Circuit Construction Kit: DC. Za ka ga batir da waya da ƙwai da makunni a gefe, yatsa kawai za ka sa ka jawo su tsakiya ka haɗa baki da baki, da zarar zagayen ya rufe ƙwai zai kama kuma za ka ga 'yan ƙwallaye suna tafiya cikin wayar, wato abin da muke ta fama da alli muna zana kibiya yara suna kallon mu ga shi nan yana motsi a gabansu. Akwai ma tsabar kuɗi da fensir da magogi da za ka iya sa wa a tsakiya a ga wanne ke barin wuta ta wuce. In kuma ka haɗa bakin batir da ɗaya bakin ba ƙwai a tsakani sai batir ɗin ya kama da wuta a sikirin, wallahi yara ba sa manta wannan, kuma ba wanda ya ƙone.

Kada ka dogara da netwok ranar darasi. A shafin gwajin akwai wurin saukewa, danna shi tun da daddare, fayil ɗaya ne zai sauko kuma yana buɗewa a burauza ko babu data. Kashe datar ka gwada da kanka ka tabbatar.

Yadda za ka yi da shi a aji ya fi manhajar muhimmanci. Kar ka haɗa ka ce ku kalla. Ajiye ƙwai ɗaya yana ci, sai ka tambaye su, in na ƙara na biyu a bayansa me zai faru? Bari su yi gardama, kowa ya rubuta hasashensa a littafi, sannan ka kira ɗaya daga cikinsu ya zo ya haɗa da hannunsa. Haske zai ragu. Sai a sake, wannan karon kowane ƙwai da nasa reshen, a cire ɗaya a ga ɗayan bai mutu ba. In akwai furojekta falillahil hamdu, in babu raba su rukuni-rukuni suna zuwa gaban laftof ko wayar bi da bi, sauran suna zana abin da suke zato.

Na huɗu, ta ya za ka san sun gane? "Kun gane?" "Eh malam!" duk mun san wannan amsar ba ta nuna komai. Mutane da yawa za su ce maka Kahoot, manhajar wasan tambaya da amsa, kuma tana da daɗi ba ƙarya, amma tana son na'ura a hannun yara. Ni Plickers na fi so saboda wayar malami kaɗai ake buƙata. Yi rajista a shafinsu, ƙirƙiri aji, shigar da sunayen yara, kowa za a ba shi lamba. Sai ka sauke katunan ka yi firintin, akwai saiti mai 40 akwai mai 63. Kowane kati wani baƙin zane ne mai gefe huɗu, A, B, C, D, yaro zai juya harafin da ya zaɓa ya koma sama ya ɗaga, kai kuma ka buɗe manhajar ka zagaya kyamara a kan ajin, nan take za ka ga wa ya ci wa ya faɗi. Haruffan ƙanana ne kuma zanen kowa daban, saboda haka satar amsa ta yi wuya, sannan yarinyar nan mai kunya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ita ma ta ba da amsarta ba wanda ya yi mata dariya. Wannan kaɗai ya isa in riƙe ta.

Abu biyu ka kiyaye. In za ka sa wa katunan leda kar ka sa mai ƙyalli, haske na hana kyamara karantawa, gara ka manna su a kwali. Sannan wayarka tana son data a lokacin. Tsarin Plickers na kyauta tambaya 5 yake bari ka sa a jerin tambayoyi ɗaya, kuma gaskiya sun wadatar, in rabin aji suka faɗi ta uku to ka koma kanta a take kar ka wuce.

Na biyar, aikin gida ga waɗanda ke da waya a gida. Buɗe Google Forms, shiga Settings ka kunna Make this a quiz, rubuta tambayoyi, a ƙasan kowace danna Answer key ka zaɓi amsar da ke daidai ka sa maki. Tura linkin. Google Forms ɗin zai yi makin da kansa, sakamakon kuma kana iya juye shi cikin Google Sheets. Dan Allah wanda ba shi da waya a ba shi tambayoyin a takarda, kar rashin na'ura ya zama rashin maki.

Na shida, yanzu su ma su ƙirƙira. Kowane rukuni ya yi fosta mai bayyana abin da ya gano da kalmominsa. Su fara zanawa a takarda, sannan in akwai hali a mayar da ita Canva, manhajar tsara fosta da zane-zane. Akwai Canva for Education, kyauta ga malaman firamare da sakandare amma sai ka tura shaidar cewa kana koyarwa sun tantance. Kafin su amsa yi amfani da na kowa da kowa, ka dai guji hotunan da ke da alamar kambi, na kuɗi ne. Masu ɗan ƙwazo kuma nuna musu Scratch na jami'ar MIT, wanda aka yi don 'yan shekara 8 zuwa 16, su jera tubalan umarni su yi ƙwan da ke kamawa in an danna makunni, shi ma akwai wanda ake sauke wa kwamfuta ya yi aiki ba intanet. Na ga yaron da ba ya magana a aji ya zauna kan wannan har aka tashi bai sani ba.

Maganar amana kuma, yaran mutane ne a hannunmu. Sunan farko ya isa a duk inda ka shigar da su, ban da hoton fuska, ban da lambar wayar iyaye, kuma kar ka buɗe wa ƙananan yara asusu ba da sanin iyaye da hukumar makaranta ba, shafuka da yawa ma ba sa yarda da wanda bai kai 13 ba. In za ka nuna wa abokan aiki fostocin, ɗauki hoton aikin kawai.

Daga ƙarshe buɗe folda a Google Drive da sunan darasin, zuba fayil ɗin PhET da tambayoyin da fostoci biyu mafi kyau, ka rubuta layi ɗaya kan inda yara suka fi rikicewa. Mai lissafi sai ya sa GeoGebra a gurbin PhET, sauran matakan duk suna nan yadda suke.